Minti Goma a Garin 'Yata

Shekara talatin da ɗoriya ina jan motar ziyara a Makka. Ƙaramar bas ce fara, mai cin mutum goma sha huɗu. Tun kafin hantsi nake ɗaukar alhazai ko 'yan umara a ƙofar masaukinsu, yawanci mutanenmu na Najeriya da Nijar, in kai su gindin Dutsen Saur, daga nan Arfa, mu bi ta Muzdalifa da Mina, mu tsaya a gindin Dutsen Nur, sannan in sauke su wurin wani mai shinkafar buhari a Ka'akiyya su ci su ƙoshi. Duk inda na tsaya maganata ɗaya ce: "Minti goma, jama'a. A yi addu'a, a ɗauki hoto, a hau." Ba na kashe mota. In ka kashe na'urar sanyi a zafin garinmu, kafin su dawo kujera ba ta zaunuwa. Da minti goma ya cika sai in danna hon, kuma hon ɗina ba na wasa ba ne, har abokan aikina suna yi mini tsiya da shi.

Mutum iri ɗaya ne ba na yi wa hon, shi ma koya mini aka yi. Ina sabon shiga, wani tsoho daga wajen Sakkwato ya tsaya a Arfa, can nesa da dutsen da kowa ke rububin hawa, ya ba mu baya. Kowa ya dawo mota, shi bai motsa ba. Na danna, na sake dannawa, na leƙa ta taga na ce, "Baba, yalla mana, rana na yi!" Ya taho a hankali, ya hau, sai da ya zauna ya ce, "Ɗana, shekara arba'in nake tahowa wurin nan, kai kuma ka ba ni minti goma." Ranar kunya ta hana ni cin abinci. Tun daga nan na koyi kallon bayan mutane. Mai ɗaukar hoto kafaɗunsa a ɗage suke, yana ta waige-waige. Amma can ba a rasa ba, sai ka ga wani ya yi shiru, kafaɗunsa sun sauka, hannuwansa sun saki, wayarsa na aljihu ya manta da ita. Wannan ya iso inda zuciyarsa ta daɗe da riga shi zuwa. Shi nake jira, ko sauran za su cinye ni da mita.

A Makka aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina. Kakana ne ya taho da ƙafa daga ƙasar Kano, ya yi hajji, ya ce bari ya ɗan huta kafin ya koma, to yana nan a maƙabarta yana hutawa har yau. Amma a takarda mu baƙi ne. Iƙama muke riƙewa, wato katin izinin zama, ana sabunta shi, 'ya'yana kuma suna ƙarƙashin tawa. Autarmu mace ce, sunan mahaifiyata ta ci, don haka ban taɓa kiran sunanta ba, Uwata nake ce mata. Yarinya ce mai shegen tambaya. Tun tana firamare take bi na da "Baba, yau ka tafi da ni ziyara," ni kuma in ce, "Bukra, in sha Allahu," wato gobe. Ai ɗan Makka ba ya ziyara. Me za ka je ka gani a Dutsen Nur, dutsen da kake wucewa kullum in za ka sayo gas? Goben nan ta yi ta zama gobe har ta gama jami'a, ta sami gurbin karatu kyauta a Oxford ta ƙasar Ingila, ta tafi nazarin tsofaffin littattafan da aka rubuta da hannu. Ban taɓa kai ta ba, ko hajji ba ta samu ta yi ba, kullum ana cewa sai baɗi.

A shekararta ta huɗu ta bugo waya ta ce an ba ta aiki a ɗakin littattafan da take karatu, suna jiran amsarta kafin ƙarshen zango. Na je wurin mu'aƙƙibinmu, mutumin da ke yi mana zirga-zirgar takardu, na tambaye shi. Bai ɓoye mini ba. Ya ce muddin ta zauna can da aiki, sunanta zai faɗi daga iƙamata, in za ta zo Makka sai da biza, kamar kowane baƙo. 'Yar da aka yanke wa cibiya a unguwarmu ta Shisha, cikin Makka! Mahaifiyarta ta yi kwana biyu ba ta kula ni ba, sai ka ce ni na ba da aikin. Da bizata ta zuwa Ingila ta fito, ta ajiye mini jaka, ta cika rabinta da dabino da kuka da yaji, ta ce, "Malam, gwiwata ba za ta kai ni ba. Ka je ka dawo mini da ita." Ita kuwa Uwata ta ce ba za ta ba su amsa ba sai na zo na ga garin da idona, in na ce a'a, shi ke nan, ta tattara ta dawo. Na hau jirgi na riga na yanke cewa a'a zan ce.

Ta tare ni a filin jirgi, muka hau doguwar bas zuwa garin. Direban na fara kallo, kowa da inda idonsa ya saba zuwa. Yana zaune a dama yana tuƙi a hagu, hankalinsa kwance, ni kuwa duk kwanar da ya sha sai na taka birkin da babu shi a ƙarƙashin ƙafata. Uwata tana ta ƙyalƙyala dariya. Ta ɗan rame, ta ɗora wata rigar sanyi mai kauri a kan abayarta. Hausarta dama rabi Larabci ce, yanzu Turanci ya shigo ya karɓi nasa kason.

Da muka isa masaukin da ta kama mini, na yi alwala, na tsaya a tsakiyar ɗaki kamar wawa. Ban san inda zan kalla ba. Tun da aka haife ni ban taɓa tambayar wani ina alƙibla take ba, sai ranar. Ta ciro waya ta juya ta, ta nuna mini wajen wani kabad. Na yi sallata ina kallon kabad, raina na suya, na ce wannan ma hujja ce guda, zan kai wa uwarta.

Da safe ta zo da takarda. Wallahi takarda, an ja mata layi, kwana uku, kowace rana da wuraren gani da wuraren ci. Na karɓa na duba da idon ɗan sana'a. Na ce, "Wannan duka a yini ɗaya zan gama miki shi, har mu yi la'asar a gida." Ta ce, "Da ƙafa za mu, Baba." Da ƙafa kuwa muka tafi, cikin wani yayyafi da ba ya jiƙa mutum ba ya kuma barinsa ya bushe. Tsakiyar garin duk ginin dutse ne, launin burodin tamis da ya ji wuta daidai, da hasumiyoyi masu tsini ta ko'ina. Kekuna kuwa sun fi mutane. Na ga tsohuwa mai furfura fat tana tuƙa keke, littattafai cike da kwando, Uwata ta ce babbar malama ce. Na ce to ina motarta, ta ce ƙila ba ta da ita. Wani abu kuma ya yi ta damuna ban gane mene ne ba, sai wajen azahar na kama shi: tun safe ban ji an danna hon ko sau ɗaya ba.

Na tambaye ta wai ina jami'ar take, don na gaji da tafiya. Ta ce ai tun ɗazu a cikinta muke. Makarantu ne birjik a warwatse cikin garin, kowace da ganuwarta, da ƙatuwar ƙofar katako, da mai gadinta. Muka shiga ɗaya. A tsakar gidan akwai ciyawa kore shar, an aske ta ƙwal, ko tsinke babu. Na miƙa ƙafa zan yanke ta kai, ta riƙo hannun rigata da sauri.

"Ba a takawa, Baba."

"Dabbobi ake ba?"

"A'a."

"Ba a takawa, ba a ba dabba. To ta mece ce?"

"Ta kallo ce."

Ikon Allah! Na tsaya na kalla, tunda ta kallo ce. Gaskiya tana da kyau, kuma na so in san wa ke aske ta, da wace irin na'ura, sau nawa a mako. Na sa Uwata ta tambayi mai gadin, ya yi ta bayani har da kwatance da hannu, ya ji daɗi an kula aikinsu.

A bakin wata ƙofar muka ci karo da abokiyar sana'ata. Wata Baturiya ce ta ɗaga jar lema sama, ayari na biye da ita, tana tafiya da baya-baya tana magana. Na bar Uwata na bi su. Ba na jin abin da take cewa, amma na ga leɓenta na motsi duk sanda suka sha kwana, ƙirga kawuna take yi, yadda nake yi. Na ga ta gano mutum biyun da za su ɓace mata tun kafin su ɓace, ta matso da su gaba. Da suka zo wata 'yar gada da ta haɗa gini biyu ta saman titi, ta ɗaga yatsu biyar ta faɗi wani abu. Uwata ta ce wai minti biyar ta ba su. Na ce, "Tabɗi, wannan ta fi ni rowa."

Abincin rana kifi ne da soyayyen dankali, wai shi ne abin alfaharin ƙasar. Kafin mu zauna sai da Uwata ta tambayi mai shagon ko ana sa giya a kwaɓin da ake tsoma kifin, ya ce nasu da ruwa ake yi. Aka kawo kifi kamar tsawon hannuna, ɓawonsa na ƙaras-ƙaras, cikinsa fari tas, da wani koren wake da aka dame. Na ɗanɗana. Kifin sabo ne, ba zan yi masa ƙarya ba, amma kamar an hana mai dafawar taɓa gishiri da barkono. Su tsami suke yayyafawa. Na laluba aljihu na ciro ƙullin yajin da uwarta ta ba ni, na barbaɗa. Wani dattijo a teburin kusa yana ta satar kallona. Mu a Makka ba a ci a gaban mutum a yi shiru, sai ka ce "Tafaddal," wato bismillah, shi kuma ya ce a ci lafiya ya wuce. Na miƙa masa ƙullin na ce tafaddal. Ai kuwa sai ya karɓa! Ya zuba fiye da yadda ni zan zuba, ya kai baki, fuskarsa ta yi jajir, hawaye na zuba, yana tari yana ɗaga mini babban yatsa. Uwata ta rufe fuska da gyale don kunya, kafaɗunta na rawa. Na raba yajin biyu na bar masa rabi.

Na koma masauki ina jin haushin kaina. Garin ya shiga raina, ni da na zo neman laifinsa.

Saboda haka rana ta biyu na tashi da shirin kada in sake in ji daɗin komai. Ta kai ni wata hasumiya, muka hau ta wata matattakala mai murɗewa, matsattsiya, in wani na saukowa sai ka manne da bango. Daga sama garin duka a tafin hannunka, da wani ɗakin karatu mai ƙubba, zagayayye, a tsaye shi kaɗai. Ta fara nuna mini inda ta fara zama, da tagar da take karatu a gindinta. Na ce, "Na gani, mu je." Ta kai ni kasuwa mai rufi, masu cuku da masu furanni da masu gyaran takalmi duk a jere. Na ce, "Na gani, mu je." Ta kai ni bakin kogi, inda ake tura wasu kwale-kwale masu faɗin ciki da doguwar sanda, ga shanu masu dogayen ƙaho suna kiwo a fili, a tsakiyar gari fa. Raina ya so in tambayi na wane ne shanun, ya so in karɓi sandar nan in gwada. Na danne, na duba agogo.

Da la'asar ta shigar da ni wani ɗan shagon shayi mai ƙasa-ƙasan rufi, sai da na sunkuya. Aka kawo shayi a buta, da wani ɗan curin burodi mai ɗumi, a tsaga shi a shafa man madara mai kauri, irin wanda muke kira gishɗa, a ɗora murabba, wato jam, a kai. Ta ce a nan ta zo ta zauna ita kaɗai ranar da ta ci jarrabawarta ta farko. Na cinye nawa a loma biyu, na kurɓe shayin da zafinsa, na sake duba agogo. Ta ajiye wuƙarta.

"Baba, tun safe kake duba agogo. Wa ke jiranka?"

Abin da na ƙunsa tun daga Jidda ya ɓalle. Na ce, "Uwarki ke jirana! Makka ke jiranki! Kin san abin da mu'aƙƙib ya ce? Da biza za ki riƙa shiga garinku, a buga miki hatimi, a ƙirga miki kwanaki. Kakana ya tako da ƙafa don mu zama 'yan can, ke kuma ki sayar da shi a kan burodi da ciyawar kallo?"

Mutanen shagon kowa ya dubi kofinsa. Ita ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Na sani, Baba. Na fi ka kuka a kai. Amma garin nan kowane lungu na san shi, don na taka shi da ƙafata. Dutsen Saur a hoto na san shi. Arfa a talabijin. Ka kai mutanen duniya, ni ba ka kai ni ba. Ni kuma ga shi na kawo ka nawa, kana ce mini na gani, mu je."

Maganar ta soke ni, don gaskiya ce, kuma ba abin da ya fi ba ni haushi irin a gaya mini gaskiya ina cikin faɗa. Na ce, "Ke, da ubanki kike magana." Ta ce, "Yi haƙuri." Muka fito ba mai kallon wani.

Duk da haka ba ta tsallake abin da ke takardarta ba, taurin kan nan nawa ne. Muka taka zuwa wani dogon titi a gabashin gari, inda shagunan Larabawa da 'yan Pakistan da 'yan Afirka suke, ana jin ƙamshin gashi tun daga nesa. Ta shigar da ni wurin wani mutumin Yaman. Mandinsa, shinkafa da gasasshen nama irin namu, ba mandi ba ne, a tanda ya gasa shi ba a rami ba, na ji a lomar farko. Amma na lura bai tambaye ta me za ta ci ba. Ya kawo mata nata babu tumatir, don ya san ba ta ci, ya ce da ita "binti," 'yata, ya tambaye ta ya murar da ta yi. Da ya ji daga Makka nake, ya kama hannuna da hannu biyu ya ce in tuna da shi a gaban Ɗakin Allah. Na ce in sha Allahu. Na ji sanyi da na ga tana da masu lura da ita, na kuma ji kishi, duka a lokaci ɗaya.

Rana ta uku abu ɗaya ne kawai a takardar: ɗakin littattafan da suka ba ta aikin. Na shirya maganata tun a masauki. Zan bari ta gama nuna mini, in ce Allah ya yi miki albarka, kin yi ƙoƙari, amma gida za mu. Muka isa da sassafe, ba a buɗe ba tukuna. Wani tsakar gida ne na dutse, gini ya kewaye shi ta ko'ina, da ƙananan ƙofofi, kowace da rubutu a samanta. Ta ce ni iyakata nan, ciki sai mai katin karatu. Ta ce duk wanda zai fara shiga sai ya yi alkawari da bakinsa cewa ba zai kunna wuta a ciki ba, kuma littafi ba ya fita ko wane ne kai. Wannan ya burge ni, na so in tambaya ko an taɓa kama wani da ashana, amma na tuna fushi nake yi. Tana ta karanta mini rubutun ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, muryarta a sanyaye tun faɗan jiya.

Sai wata ƙararrawa ta buga a can sama. Aka zare sakata, masu karatu suka fara shiga ɗaya-ɗaya, ba mai magana. Uwata ta tsaya a tsakiyar kalma. Ta yi taku biyu gaba, ta ba ni baya. Na buɗe baki zan ce na gani, mu je, sai idona ya sauka a kafaɗunta. Sun sauka. Hannuwanta sun saki, takardar nan tata tana lilo a yatsu biyu, yayyafi na jiƙa ta ba ta sani ba. Shekara huɗu tana shiga ƙofar nan kusan kullum, amma ga yadda take tsayawa a gabanta.

Na san bayan nan. Shekara talatin ina ganinsa ta gilashin mota, a jikin tsofaffi daga Sakkwato da Damagaram da Ilori, ban taɓa zaton zan gan shi a jikin 'yata ba, a wani gari mai ruwan sama, tana kallon ƙofar da ni ba zan shiga ba. Na rufe bakina. Zuciyata ta yi nauyi, don na gane na yi rashi, kuma ba wanda ya ƙwace mini. Ban duba agogo ba, ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba.

Can ta farga ta juyo. "Yi haƙuri, Baba, na tsayar da kai."

Na ce, "Shiga ki ba su amsa."

Ta dube ni a tsorace. "Wace amsar?"

"Uwata, kin taɓa jin na yi wa irinku hon?"

Ta san labarin tsohon nan, ta ji shi a bakina ya fi sau ɗari a kan tabarmar cin abinci. Ta kama hannuna ta kifa goshinta a kai tana kuka. Na ce ta bari mana, mutane na kallo, haba, sai ka ce an yi mutuwa. Ni ma fuskata a jiƙe take, kuma ba yayyafin ba ne. Da ta shiga ta fito, ni na ce mu koma kogin nan. Na karɓi sandar, na tura kwale-kwalen ya yi ta juyawa a wuri ɗaya, har muka shige cikin rassan wata bishiya. Na kuma sami amsar shanun, na ɗaya daga cikin makarantun ne.

Da na dawo Shisha, mahaifiyarta ta buɗe ƙofa, ba ni ta kalla ba, bayana ta leƙa. Ta ga babu kowa. Na ce, "Ni na ce ta zauna." Mako guda cur sai dai in tarar da abincina a rufe. A rana ta takwas ta zauna kusa da ni tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba ta ce, "Me take ci a can?" Na ba ta labarin kifin, da burodin, da mutumin Yaman da ya san ba ta cin tumatir. Ta share ido da gefen mayafi ta ce in na sami mai tafiya za ta aika da wani yajin.

Bayan shekara ɗaya da rabi Uwata ta zo, da bizar umara. Na tare ta a Jidda, ta fito cikin ayarin baƙi tana jan akwati, fasfo a hannu. Abin da na ji tsoro ya faru, kuma ya yi ciwo yadda na zata, bai ragu ko kaɗan ba. Washegari na ba wani abokin aikina fasinjojina. Na wanke motar, na fito da ita ƙofar gida, na ce da ita da uwarta su hau. Mutum biyu a motar mutum goma sha huɗu. Na kai su gindin Dutsen Saur na yi musu bayani tiryan-tiryan, yadda nake yi wa kowa, tana ta jefo tambayoyin da ba wanda ya taɓa yi mini. Daga nan muka miƙe Arfa. Ba lokacin hajji ba ne, filin fayau, sai bishiyoyin darbejiya da 'yan motocin ziyara jefi-jefi.

Na tsaya inda na saba tsayawa. Ta zuge ƙofa ta sauka, sannan ta leƙo ta tagata tana murmushin tsokana.

"Minti goma ko, Baba?"

Na murɗa mukulli na kashe motar. Sai a ranar na ji yadda wurin yake in babu ƙarar inji. Uwarta ta ce, "Malam, zafi fa." Na ce ta sauke gilashi. Uwata ta yi gaba, ta wuce masu ɗaukar hoto, ta tsaya can nesa da dutsen, ta ba mu baya. Kwana tara suka rage mata a ƙasar. Na ɗora hannuwana a cinya, nesa da hon, muka zauna cikin zafin muna jiran baƙuwarmu.